Aikin wani ofishin masu ba da shawara kan haraji, kamar yadda na gan shi lokacin da aka sake buɗe harajin kamfanina

A farkon shekarar 2024 ne masinja ya kawo wa ɗan ƙaramin kamfaninmu wasiƙa daga hukumar haraji, ya sa yaron shago ya rattaba hannu a littafinsa, ya kama gabansa. Sana'armu ita ce sayen masara da waken suya da dusa, mafi yawa daga kasuwar Dawanau, mu kai wa masu gonakin kaji, kuma tun ranar da muka yi wa kamfanin rajista ban taɓa barin shekara ta wuce ban shigar da bayanan haraji ba. A cikin durowar teburina akwai takardar shaidar biyan haraji wadda hukumar da kanta ta ba mu. Saboda haka da na buɗe wasiƙar na ga an yanka mana ƙarin haraji a kan shekaru shida da na ɗauka an gama da su, wato daga 2017 zuwa 2022, haɗe da tara da kuɗin ruwa, jimillar kuma ta zarce duk abin da ke cikin asusun kamfanin, abin da ya fara zuwa raina shi ne kuskure aka yi, domin a fahimtata ta wancan lokaci wanda aka ba takardar shaida ya riga ya wanke kansa. Wannan fahimta ce ta kai ni ofishin da nake son yin bayani a kansa, kuma ita ce farkon abin da suka gyara mini.

Ba zan ambaci sunan ofishin ba, domin ba talla na zo yi musu ba, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san irin aikin da ya kamata ya nema a wajen kowane ofishi irinsa. Ɗakuna uku ne a hawa na biyu na wani bene a cikin gari, da shugaban ofishin wanda dattijo ne, da wata matashiyar akanta, da magatakarda guda. A bangon ɗakin shugaban akwai takardar zama mamba a Cibiyar Ƙwararru kan Haraji ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1982 kuma doka ta amince da ita a 1992, kuma da na tambaye shi lambarsa ta rajista bai nuna ɓacin rai ba, ya rubuta mini ita a takarda. Na ga ya dace in fara da wannan ne saboda kafin in je wajensu mutum biyu sun riga sun yi mini tayin cewa sun san wani a ciki wanda zai iya kashe maganar idan na ba da wani abu, kuma babu ɗayansu da ke da wata takarda da za a iya kama shi da ita idan al'amari ya lalace.

Da na zauna na fara zuba bayani a kan yadda aka zalunce ni, sai dattijon ya bar ni na kai aya, sannan ya ce: "Alhaji, ran nawa ga wata aka kawo wannan takarda, kuma wa ya karɓa?" Na ce ban riƙe ranar ba. Nan take ya sa na kira yaron shago a waya, muka lissafa baya har muka gano cewa kwana tara ke nan da kawo ta. Ya ɗauki jan biro ya rubuta wata rana a saman fayil ɗin da ya buɗe mini, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta, ya bayyana mini cewa sashe na 69 na Dokar Harajin Kamfanoni ya ba kamfani kwana 30 ne kacal daga ranar da aka miƙa masa sanarwa ya rubuta takardar ƙin amincewa, kuma idan wa'adin ya cika ba a rubuta ba, sashe na 76 na dokar ya ce abin da aka yanka ya tabbata, ko da kuwa akwai kuskure a cikin lissafin. Wannan tambaya ta farko ita ce ta fara sa na sakankance da su, domin wanda ya san aikinsa yana fara duba abin da zai iya kuɓucewa ne kafin ya shiga gardamar wa ke da gaskiya.

Daga nan ya ɗauko kwafin dokar, wanda gefunansa suka yi baƙi saboda yawan buɗewa, ya karanta mini sashe na 66 da Turanci, sannan ya warware mini shi da Hausa jimla bayan jimla. Abin da sashen ya ƙunsa shi ne, idan hukumar haraji ta gano, ko kuma ta kasance tana da ra'ayin cewa, ba a yanka wa wani kamfani haraji ba, ko an yanka masa ƙasa da abin da ya kamata, to tana da ikon ta yanka masa abin da ya rage a cikin shekarar ƙiyasin, wato shekarar da ake yanka harajin, ko a cikin shekara shida bayan ƙarewarta, kuma sau nawa ta ga akwai buƙata. Ya jawo hankalina ga faɗin wannan ƙofa: dokar ba ta ce sai an kama mutum da laifi ba, ra'ayin hukuma cewa an biya ƙasa da ƙima ya isa a buɗe fayil. Dalilin kuwa a fili yake idan aka yi tunani. A tsarin da ake bi, kamfani ne ke lissafa ribarsa da kansa, ya shigar da bayanansa a cikin wata shida bayan rufe littafinsa na shekara, ya biya abin da shi ya ce ana binsa. Hukuma ba ta da ma'aikatan da za su duba kowane rasidi a ranar da aka shigar da bayani, don haka doka ta bar mata sarari ta dawo daga baya. Takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata, shaida ce cewa an biya abin da aka yanka zuwa ranar da aka ba da ita, ba alkawari ba ce cewa ba za a sake dubawa ba. Ya ƙara da cewa irin wannan tanadi yana nan a sashe na 55 na dokar harajin ɗaiɗaikun mutane, wadda ta shafi ɗan kasuwar da bai yi rajistar kamfani ba.

Na ji nauyin wannan bayani ƙwarai, kuma ina ganin da ma da gangan ya fara da shi, don kada in fita da zaton cewa gardama za mu je yi a kan ko hukuma tana da ikon sake buɗe fayil ko ba ta da shi. Tana da shi. Aikin da ya rage, in ji shi, shi ne a ɗauki shekarun shida ɗaya bayan ɗaya a tambayi kowace: da wane dalili na doka aka sake buɗe ta, kuma dalilin yana tsaye? A nan ne na ga bambancin ƙwararre da mai kame-kame, domin ni dunƙule ɗaya nake kallon bashin, shi kuwa ya raba shi gida huɗu, kowane gida da hukuncinsa.

Gida na farko shi ne shekarar 2017, kuma a nan ne batun wa'adin shekara shida ya yi aiki. Akwai wani abu da yawancinmu 'yan kasuwa ba mu lura da shi ba, wato shekarar ciniki daban take da shekarar ƙiyasi. Ribar da kamfani ya samu daga Janairu zuwa Disamba na 2016 ita ake yanka wa haraji a shekarar ƙiyasi ta 2017, domin ƙa'idar ita ce a dubi littafin shekarar da ta gabata. Shekara shida kuma ana fara ƙirga ta ne daga ƙarshen shekarar ƙiyasi, ba daga ranar da aka yi cinikin ba. Ya zana mini wannan a bayan wata takarda: 2017 ta ƙare ranar 31 ga Disamba, a ƙara shida, wa'adin ya cika ranar 31 ga Disamba, 2023. Sanarwar da aka kawo mini ta fito ne bayan wannan rana, saboda haka ƙofar 2017 ta riga ta rufe, alhali ta 2018 tana buɗe har ƙarshen 2024. Da ni kaɗai ne, da sai in ƙirga daga shekarar ciniki in yi iƙirarin cewa shekara biyu ne suka fita daga wa'adi, in raunana hujjata mai kyau da wata marar tushe.

Sai dai bai bar ni na yi murna da wuri ba, domin wannan sashe na 66 yana da togaciya mai nauyi. Idan akwai zamba, ko saɓa wa doka da gangan, ko sakaci, daga kamfanin ko daga wanda ya yi aiki a madadinsa, to babu wani wa'adi: hukuma tana iya komawa baya a kowane lokaci domin ta cike giɓin harajin da wannan zamba ko sakaci ya jawo. Kalmar da ta fi tayar mini da hankali ita ce sakaci, domin zamba abu ne da mutum ya san ya aikata ko bai aikata ba, amma wane ɗan kasuwa ne zai rantse cewa littafinsa bai taɓa samun giɓi ba? Abin da dattijon ya tsaya a kai, kuma ya rubuta shi a takardarmu, shi ne cewa sanarwar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku ba game da 2017, kuma wanda ya yi da'awa shi ke da nauyin kawo hujja, ƙa'idar da duk wanda ya taɓa zama a gaban alƙali ya san ta. Ya kuma nuna mini cewa lafazin togaciyar ya ɗaure ƙarin harajin ga asarar da zambar ko sakacin ya haifar, don haka kuskuren da aka samu a wata shekara ba ya zama mabuɗin dukkan shekarun baya haka kawai. Wannan magana ta yi amfani daga baya, kamar yadda zan nuna.

Gida na biyu shi ne shekarar 2019, kuma da ba don nacin matashiyar akantar nan ba, da hujjar ta salwanta. Tana cikin jera takardun da na kawo a buhun leda biyu sai ta ci karo da wata tsohuwar wasiƙa, ta ce: "Baba, wannan fa? An taɓa yin wata magana a kan bashin wani mai gona?" Sai na tuna cewa shekarun baya hukuma ta ƙi yarda a cire mana wani bashi da ya mutu a hannun wani mai gonar kaji wanda annoba ta cinye masa kaji, muka rubuta ƙin amincewa, aka zauna, aka daidaita a kan wani adadi, aka ba mu sabuwar sanarwa, muka biya. To, sabuwar sanarwar ta sake mayar da wannan bashi cikin riba. Sashe na 76 ɗin nan da ya ce ƙiyasi yakan tabbata yana da fuska biyu: ya bar wa hukuma damar yanka ƙarin haraji a kan shekarar da aka gama, amma da sharaɗin kada hakan ya zama sake tayar da wata magana, a kan hujjoji iri ɗaya, wadda aka riga aka yanke ta hanyar daidaitawa ko ta hanyar ɗaukaka ƙara. Ma'ana, idan wani sabon bayani ya fito game da 2019, ana iya yanka haraji a kansa, amma maganar wancan bashi, tun da babu sabon abu a cikinta, ta mutu. Abin da ya tabbatar da haka takarda ɗaya ce mai tambarin hukuma, wadda saura kaɗan in zubar lokacin da muka sauya shago.

Gida na uku shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne inda na ga kuɗin da na biya ya yi aiki. Dalilin da hukuma ta dogara da shi a sauran shekarun shi ne kuɗin da suka shiga asusun bankin kamfanin sun fi cinikin da muka bayyana, sai aka ɗauki duk abin da ya shiga a matsayin ciniki. Dole in faɗi gaskiya cewa akwai laifina a nan, domin watanni kafin sanarwar an rubuto mana ana neman bayani a kan wannan bambanci, na bar wasiƙar a hannun mai rubuta mana littafi, shi kuma ya aika da amsa mai layi uku wadda ba ta warware komai ba. Hukumar da ba ta samu bayani ba tana da ikon ta yi ƙiyasi gwargwadon abin da ta ga ya dace, kuma abin da ta yi ke nan.

Matashiyar ta sa na karɓo sitatimen na shekara biyar daga banki biyu, ta shimfiɗa su a kan dogon tebur, ta ɗauko alƙaluma masu launi huɗu. Mun yi yammaci uku muna zaune, tana karanto kowane kuɗi da ya shigo, ina faɗa mata asalinsa, tana shafa masa launi. Kore shi ne ciniki na gaske. Ruwan ɗorawa shi ne kuɗin da na tura daga asusunmu na wannan banki zuwa na wancan, wanda aka ƙirga sau biyu. Shuɗi shi ne rance, har da wanda ƙanena ya ba ni a kakar wata shekara don in sayi masara tun tana da araha. Ja kuwa shi ne kuɗin amana, wato na abokan sana'a daga kudu da kan turo mini in saya musu kaya a Dawanau in ɗora a mota, ladan dillanci kawai ke nawa. Abin da ya burge ni shi ne ba ta karɓar maganata ita kaɗai. Duk inda na ce rance ne sai ta ce a nuna mata ranar da aka mayar da shi a cikin sitatimen ɗin, duk inda na ce amana ce sai ta nemi takardar lodin mota ko saƙon waya da ke nuna mai kuɗin. Akwai wurare huɗu ko biyar da na tabbata a raina ba ciniki ba ne amma na kasa kawo shaida, ta bar su a kore, ta ce abin da ba za mu iya karewa a gaban jami'i ba gara kada mu sa shi ya ɓata mana sauran. A lokacin na ji zafin haka, amma ranar zaman daidaitawa na ga hikimarsa, domin duk layin da jami'in ya ɗora yatsa a kai, akwai takarda a bayansa.

Gida na huɗu shi ne wanda ya sa nake ganin wannan ofishi ya cancanci a yi rubutu a kansa. A cikin bin diddigin ne suka gano cewa a shekarar ciniki ta 2021 mun kai wa wata babbar gona kaya a kan kwangila, takardar neman biya ta fita da sunan kamfani, amma kuɗin ya shiga asusuna na kaina, kuma bai shiga littafin kamfani ba. Gonar ta cire kashi 5 cikin 100 kafin ta biya, kamar yadda doka ta ɗora mata a lokacin, ta aika wa hukuma da lambar harajin kamfaninmu, don haka hukuma tana da labarin cinikin da mu ba mu bayyana ba. Nauyin abin ya wuce girman kwangilar. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a Janairun 2020, ta yafe harajin riba ga kamfanin da jimillar cinikinsa a shekara ba ta wuce naira miliyan 25 ba, ta sa kashi 20 cikin 100 ga wanda ya wuce haka amma bai kai miliyan 100 ba, ta bar kashi 30 ga manya. Mu mun shigar da bayani a matsayin ƙaramin kamfani, wannan kwangila kuwa ta tsallakar da mu iyakar, saboda haka ribar shekarar gaba ɗaya ta shiga cikin haraji.

Na tambayi dattijon ko akwai yadda za a yi a bar wannan magana a rufe. Ya ajiye biro ya dube ni, ya ce: "Alhaji, wannan kuɗi ana bin ka shi, kuma ni ba zan sa hatimina a kan takardar da ta ce ba haka ba." Sannan ya nuna mini cewa gaskiyar ma ita ce mafi sauƙin hanya, domin shekarar tana cikin wa'adin shekara shida, hukuma tana riƙe da shaida, kuma musanta abin da ke rubuce shi ne zai mayar da kuskuren rubutu ya koma kama da ɓoyewa da gangan, wanda shi ne kaɗai zai iya jefa hujjarmu ta 2017 cikin haɗari. Abin da suka yi shi ne suka amsa cinikin a fili, suka kawo kuɗin sayen kayan da na mota da na 'yan dako domin a yanka harajin a kan riba ba a kan jimillar kuɗin ba, suka kuma nemi a cire mana kashi 5 ɗin nan da gonar ta riga ta biya a madadinmu, wanda ni ban ma san haƙƙinmu ba ne.

Takardar ƙin amincewar da suka rubuta shafi bakwai ce, kowace shekara da babinta, kuma ta cika abin da sashe na 69 ya nema, wato a fayyace dalilan ƙin amincewa dalla-dalla, a faɗi ribar da kamfani ya yarda ya samu, da harajin da ya yarda ana binsa. Sun kuma ba ni shawarar in biya abin da muka amsa tun kafin a zauna, don kuɗin ruwa ya daina hawa a kansa.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce a wajen mutumin da hankalinsa ke tashe. Takardar ba ta isa hukuma ba sai a kwana na 28. Na san aikin sitatimen ya ci lokaci, amma ofishin da ya ja mini layi biyu a ƙarƙashin ranar wa'adi bai kamata ya kai ni bakin gaɓa haka ba, domin da magatakardan ya yi rashin lafiya ko an shiga hutun da ba a zata ba, da duk wannan aiki ya tashi a banza. Ko kwafin da aka buga wa tambarin karɓa, wanda shi ne shaidar cewa mun shigar a kan lokaci, sai da na yi sawu biyu kafin a ba ni. Na biyu, ba su da ɗabi'ar sanar da mai fayil halin da ake ciki: bayan shigar da takarda na yi mako biyar ban ji daga gare su ba, kuma idan na kira, sau da yawa sai a ce shugaban yana wajen taro. Na uku shi ne batun kuɗin aiki. An faɗa mini adadi da baki a ranar farko, ba a rubuta ba, daga baya kuma aka ce halartar zaman daidaitawa yana da nasa kuɗin daban. Adadin bai fi ƙarfin aikin ba, kuma sun ba ni rasidi a kan kowane kwabo, amma ofishin da sana'arsa ita ce koya wa mutane muhimmancin rubuta komai ya kamata ya fara da rubuta yarjejeniyarsa da mai fayil. Akwai kuma abin da ya shafi harshe: dattijon ya iya warware doka da Hausa fiye da duk wanda na taɓa ji, amma duk takardunsu da Turanci suke, wanda dole ne ga abin da za a kai wa hukuma, sai dai da za su riƙa haɗa wa mai fayil taƙaitaccen bayani da Hausa ko da rabin shafi ne, da 'yan kasuwa da dama sun san abin da suke sa wa hannu.

Zaman daidaitawa ya ɗauki kusan awa uku. An cire 2017 saboda wa'adi, an janye maganar bashin 2019 da aka ga tsohuwar wasiƙar, an karɓi mafi yawan bayanin launukan nan, aka ƙi wasu rance biyu da babu rubutacciyar yarjejeniya a kansu, aka tabbatar da harajin shekarar ƙiyasi ta 2022 tare da tararsa ta kashi 10 cikin 100 da kuɗin ruwa. Bayan wasu makonni aka aiko da gyararriyar sanarwa. Dattijon ya bayyana mini cewa da hukuma ta ƙi gyarawa, da za ta ba mu takardar ƙin gyara ƙiyasi, daga nan muna da kwana 30 mu kai ƙara gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara kan Haraji, wadda wata doka ta 2007 ta kafa kuma reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna, daga can kuma sai Babbar Kotun Tarayya a kan abin da ya shafi fassarar doka. Game da rance biyun da aka ƙi, ya lissafa mini harajin da ke kansu, ya lissafa kuɗin lauya da na zirga-zirgar Kaduna, ya ce shawara tawa ce amma shi ba ya ganin ribar zuwa kotu a kansu. Ofishin da zai ƙara samun kuɗi idan shari'a ta yi tsawo, amma ya ce kada a je, ya nuna mini irin mutanen da nake hulɗa da su.

Mai karatu ya lura cewa lambobin sassan da na ambata na dokar da ke aiki a lokacin ne. Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda biyu daga cikinsu, wato sabuwar dokar haraji da dokar gudanar da haraji, aka tsara su fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, kuma sun maye gurbin Dokar Harajin Kamfanoni da ta ɗaiɗaikun mutane. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta riƙe wa'adin shekara shida na ƙarin ƙiyasi da kwana 30 na ƙin amincewa, amma lambobin sassa da wasu lafuzza sun sauya, haka ma iyakar cinikin ƙaramin kamfani. Duk wanda aka kawo wa irin wannan sanarwa yanzu, yana da kyau tambayarsa ta farko ga mai ba shi shawara ta kasance wace doka ce ta shafi kowace shekara daga cikin shekarun da aka buɗe, kuma yadda ya amsa wannan tambaya zai nuna ko yana bin sauye-sauyen ko a tsohon karatu ya tsaya.

A ganina wannan ofishi ya dace da ɗan kasuwar da ke da takardunsa, ko da a hargitse suke, kuma yake shirye ya ji cewa wani ɓangare na bashin gaskiya ne. Bai dace da mai neman a kashe masa magana ta bayan fage ba, domin ba za su yi ba, kuma mai gaggawa zai sha wahalar jiran kiransu. Ni dai na ci gaba da aiki da su, bisa sharuɗɗa biyu da muka rubuta muka sa wa hannu a wannan karo: kuɗin kowane aiki a takarda kafin a fara, da kuma saƙo ɗaya a kowane mako muddin akwai fayil a buɗe. Su kuma sun ɗora mini nasu sharuɗɗan, wato kuɗin amana ya daina shiga asusun kamfani, kuɗin kamfani ya daina shiga asusuna, kowane rance a rubuta shi ko da daga ɗan'uwa ne, kuma kada a zubar da takardar kowace shekara sai an tambaye su. A watan da ya gabata matashiyar akantar ta zo shago da kanta, ta duba akwatin ƙarfen da muka saya don fayiloli, ta sauya wa biyu daga cikinsu lakabi saboda na rubuta shekarar ciniki a inda ya kamata in rubuta shekarar ƙiyasi.